Sadaka Ba A Allo Kaɗai Ake Koyonta Ba



Duk ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, lokacin da gari guda ba ya samun ruwa sai ranar Juma'a. A Madina kuwa, Sayyidina Usman bin Affan (RA) ya sayi rijiyar Ruma, ya mai da ita waƙafi ga Musulmi. Yaranmu na ƙaramar sakandare sun sha jin darajar ruwa a waɗannan labarai. To, nawa ne cikinsu suka taɓa shayar da wani?

Ga shawara ga malamai da iyaye. A bar ɗalibai su zaɓi buƙata ɗaya a unguwarsu: famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace, ko randar masallaci. Su tambayo farashi da kansu, su yi karo-karo daga kuɗin kashewarsu. Su naɗa ma'aji, a rubuta kowace naira, a karanta lissafin a gaban aji. Wanda ba shi da ko sisi ya ba da ƙarfinsa, a yi gayyar yashe kwata kafin damina.

Yaron da ya riƙe kuɗin abokansa yana shekara 13, bai taɓa ko naira ba, ya fara sanin amana tun kafin a damƙa masa dukiyar al'umma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a tura yara roƙo a tasha ko kasuwa, wannan bara ce. Kuma kada a ɗauki hoton mabuƙaci a sa a Facebook, sai a koya musu riya maimakon ikhlasi.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Amin.