Idan Banki Ya Rufe Maka Ƙofar Rance

A Nariya, da sauran garuruwan ƙasar Kibiya da Rano a Jihar Kano, akwai gidajen da ba gona kaɗai ke riƙe da su ba. Akwai tsohon malamin firamare da ke jiran fansho. Akwai tsohon masinjan ƙaramar hukuma. Akwai matar da mijinta ya rasu, sunanta ya shiga cikin masu karɓar tallafin gwamnati. A da layi ake bi a karɓi kuɗi a hannu. Yanzu ta banki suke zuwa. Waya ta yi ƙara, a ce alat ya shigo, a nufi wajen mai POS.

Idan banki ya ga kuɗi suna shiga asusun mutum duk wata, yakan buɗe masa ƙofar rance. Wato ya yarda ya ciri fiye da abin da yake da shi, har zuwa wani adadi. Ma'aikatan banki suna kiran wannan obadiraf. Wasu bankunan ta waya suke bayarwa: ka danna lambobi, kuɗi su faɗo, a cire idan naka sun shigo. An fi ba ma'aikata da 'yan fansho. Wannan darasi a kan ranar da bankin zai ce ya daina ne.

Mu yi lissafi tukuna. Ɗauki allonka ko littafinka.

A ce wani dattijo yana karɓar fansho naira 30,000 a wata. Banki ya yarda ya zarce da naira 20,000. A wani wata na rashin lafiya ya cire su duka. Yanzu asusunsa ya zama rami mai zurfin 20,000. Fansho ya shigo, sai ya fara cike ramin, saura 10,000. Dattijo ya cire 10,000 ɗin, ya sake cire 20,000 na banki. Da ya ƙirga a hannunsa, 30,000 ne cif. A ganinsa babu abin da ya canza. Haka zai yi ta yi wata da watanni, har ya manta akwai rami. Amma bankin bai manta ba, kuma duk wata yana ɗora kuɗin ruwa.

Ranar da aka rufe ƙofar, fansho zai shigo kamar kullum, ramin ya haɗiye 20,000 da kuɗin ruwansa. Dattijo yana tsaye a ƙarƙashin lemar mai POS, ya ce a ciro masa dubu talatin. Yaro ya saka kati, ya jira, 'yar takarda ta fito. Ya ce, "Baba, wai kuɗin ba su kai ba." A sake gwadawa, amsa ɗaya. Abin da ya rage bai cika 10,000 ba, ga cefane, ga magani, ga jika da aka koro daga makaranta. Idan abin ya faɗo a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, to gidan ya shiga wani hali. Ba abin kunya ba ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Me ya sa banki ke yin haka? Galibi a cikin takardar da ka sa wa hannu, ko ka dangwala wa yatsa, an rubuta cewa bankin zai iya neman kuɗinsa ko ya janye rancen idan ya so. Yakan yi haka idan fansho ya yi jinkirin shigowa, ko wa'adin yarjejeniyar ya cika, ko ya ga ana bin ka bashi a wani wuri. Wani lokaci ma ba laifinka ba ne ko kaɗan. A shekarar 2024 Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya yi ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa, daga kashi 18.75 cikin ɗari har ya kai 27.5 a watan Nuwamba. Idan kuɗi suka yi tsada haka, bankuna kan ƙanƙame hannu, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne suke fara ji a jikinsu.

Kafin ka yanke hukunci, tabbatar da abin da ya faru. Wani lokaci ba rancen aka janye ba, asusun ne aka tsayar. CBN ya ba da umarni cewa daga 1 ga Maris 2024, asusun da ba a haɗa shi da lambar tantancewa ta banki, wato BVN, ko ta katin ɗan ƙasa, wato NIN, ba, a hana cire kuɗi daga cikinsa. Wannan gyaransa mai sauƙi ne.

Idan kuwa rancen ne, to ka je bankin da ƙafarka, kada ka jira ya neme ka. Na san kuɗin mota abu ne, na san layin banki yana gajiyar da tsoho. Duk da haka ka je. Ka tafi da katin shaidarka da wayarka. In karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, ka tafi da ɗanka ko wani amintacce. Ka nemi teburin kula da masu asusu, ka ce a buga maka takardar bayanin asusunka ta watanni shida da suka wuce. A cikinta akwai layin abin da ya shiga, da layin abin da ya fita, da layin abin da ya rage. Ka sa yatsa ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka tambaya: nawa ne uwar kuɗin, nawa ne kuɗin ruwa, nawa ne tara? Haƙƙinka ne a yi maka bayani da harshen da kake ji. Idan ma'aikaciyar ta yi sauri, ka ce, "'Yata, maimaita mini da Hausa, a hankali."

Sannan ka faɗi buƙatarka a fili. Kada ka ce a yafe maka, ba za su yafe ba. Ka ce a rarraba maka biyan. Mu koma ga lissafinmu: 20,000 a raba biyar, 4,000 ke nan. Idan banki ya yarda ya riƙa cire 4,000 duk wata, dattijo zai rayu da kimanin 26,000 na wata biyar, maimakon ƙasa da 10,000 a wata guda. Ba dole ba ne banki ya amince, amma sau da yawa ya fi son wanda ya zo da kansa da tsarin biya a kan wanda ya kashe waya. Kada ka yi alkawarin abin da ba za ka iya ba don kunyar mai kwat. Ka fara ware kuɗin abinci da magani, abin da ya saura shi za ka ambata. Duk abin da kuka amince a kai, a rubuta, a sa hatimi, a ba ka kwafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take magana.

To idan sun riga sun cire duka fa? A nan akwai abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Ramin ya cike. Bashin ya ƙare. Wata mai zuwa 30,000 ɗin nan duk naka ne, babu kuɗin ruwa. Abin da ke gabanka wata ɗaya ne mai wuya, kuma yadda ka tsallake shi ne zai nuna ko ka fita ko ka koma ciki.

A cikin wannan wata ne masu ba da bashi ta manhajar waya suke kama mutane. Suna bayarwa cikin minti kaɗan, wa'adin mako ɗaya ko biyu, da kuɗin ruwa mai karya ƙashi. Idan ka gaza, wasunsu sukan tura wa surukanka da limamin unguwa saƙo suna kiran ka ɓarawo. Abin ya yi muni har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kafa musu dokar rajista a 2022, kamfanin Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin wayar mutane da hotunansu a 2023. Amma har yanzu akwai masu yi a ɓoye. Ka nisance su. Haka nan kada ka jinginar da gona, kada ka sayar da gyaɗa ko dawa tun tana tsaye a kan farashin wulaƙanci. Wahalar wata guda ba ta kai a rasa abincin shekara ba.

Gara ka sayar da ɗan akuya ko kaji. Gara ka roƙi uwar adashi ta matso da kwasarka. Ka tara 'ya'yanka ka faɗa musu gaskiya, har da wanda ke birni. Mai shagon da ka saba da shi, ka je masa tun kafin ranar biya, ka ce masa ga abin da ya faru, ga ranar da za ka kawo. Idan kana cikin ƙungiyar 'yan fansho ko ta manoma, ka tambayi ko suna da asusun taimakon juna. Wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin waɗanda shari'a ta halatta wa zakka, kuma Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Liman ko mai unguwa zai iya nuna maka hanya.

Wani zai ce, "Ai sai in mayar da kuɗina wani banki, su neme ni." Wannan dabarar ta tsufa. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin da ake kira GSI. Idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar rance, kuma ka ƙi biya, bankin zai iya bin lambar BVN ɗinka ya ɗebi kuɗinsa daga asusunka na wani banki. Sai dai ka riƙe wannan: ta wannan hanya uwar kuɗi da kuɗin ruwan da suka taru kaɗai aka yarda ya ɗiba, ban da tara. Bayan haka akwai kamfanonin da ke ajiye sunayen masu bashi, kuma bankuna suna duba wajensu kafin su ba kowa rance.

Idan ka ga an cire maka abin da ba ku yi da shi ba, kada ka tsaya ga faɗa a bakin kanta. Ka rubuta takardar koke, ko a rubuta maka, da sunanka, da lambar asusunka, da ranar da abin ya faru, da adadin kuɗin. Ka miƙa wa bankin, a buga hatimi a kwafinka, a ba ka lambar koken. Ana ba banki mako biyu, wasu matsalolin rance har kwana 30. Idan bai warware ba, ka kai ƙara Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN, wanda ke da reshe a birnin Kano. Ba a biyan ko kwabo. Kuma a duk wannan zirga-zirga, kada ka ba kowa lambar sirrin katinka, ko da ya kira ka ya ce daga banki yake kuma zai maido maka da rancen.

Idan ka fita, ka yi tunani sosai kafin ka sake karɓa, domin ga nauyin aljihu, ga kuma maganar riba da malamai suke gargaɗi a kai. Akwai bankunan da ba sa aiki da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ a 2019, amma su ma sai ka karanta sharuɗɗansu. Abin da ya fi, ka riƙa barin ko da naira 1,000 duk wata, ka haɗa naka abin faɗawa.

Ranar aji mai zuwa, duk mai asusun banki ya zo da wayarsa ko takardar bayanin asusunsa. Za mu koyi karanta saƙon alat tare: ina ranar, ina abin da ya shiga, ina abin da aka cire, ina abin da ya rage. Wanda ba ya son a ga nasa, malami zai zauna da shi shi kaɗai.