Ajiya a Rumbun Wani: Haɗarin Tsarin Gajimare

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi ya san cewa ciniki tsakaninta da Jamhuriyar Benin ya girmi kan iyakar da Turawa suka shata. Ɗan kasuwa yakan saro kaya ya ajiye a sito a Segbana, ya riƙa shigowa da su ta Tsamiya sannu a hankali. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Kayan suna nan lafiya a tsallake, ba ɓarawo ba gobara, amma mai su ba shi da ikon ɗauko ko buhu guda. Sai a Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, ita kuwa ta Kamba da ke Jihar Kebbi sai a Afrilu 2022.

Ɗalibin da ya fahimci halin da wannan ɗan kasuwa ya shiga ya fahimci rabin darasin tsarin gajimare. Abin da ake nufi da shi shi ne, maimakon hukuma ko kamfani su sayi manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, su girka a ofishinsu, sai su yi hayar na wasu kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, su riƙa ajiya da aiki a kansu ta intanet. Sunan gajimare kuwa yana ruɗin mutane. Ba a sama bayanan suke ba. Suna cikin wasu manyan gine-gine ne masu cin wutar lantarki, a ƙasashe masu nasu dokokin. Microsoft ya buɗe irinsu a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon kuma a Kef Tawun a 2020.

Amfanin tsarin a bayyane yake. Makaranta ko ƙungiyar manoman shinkafa da ke bakin Kogin Kwara ba za ta iya ɗaukar nauyin janareta da na'urar sanyaya ɗaki da injiniya dare da rana ba. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara.

Babban haɗarin shi ne hanya. Kafin sakamakon jarrabawar da malami ya shigar a Bagudo ya isa ma'ajiya, sai ya bi ta turken sadarwa na gari, ya shiga wayar gilashi da aka binne har Legas, sannan ya faɗa wayar da ke kwance a ƙarƙashin teku. Ko'ina ya tsinke, aiki ya tsaya. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a daura da gaɓar Kodebuwa. Intanet ta yi rauni ainun a Nijeriya da Benin da Gana da maƙwabtansu, hidimomin bankuna suka riƙa cijewa, har masu aiki da gajimaren Microsoft a Afirka suka ji a jika. An shafe makonni ana gyara. Ba kuma sai teku ba: a Satumba 2021 hukuma da kanta ta katse sadarwa a Jihar Zamfara, maƙwabciyar Kebbi, saboda matsalar tsaro. Asibitin da bayanan majinyatansa ke gajimare kaɗai, a irin wannan rana ko nau'in jinin mara lafiya ba zai iya dubawa ba.

Na biyu, kuɗin haya galibi da dala ake lissafa shi. A farkon 2023 ana canza dala a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairu 2024 ta haura naira 1,500. Hukumar da ta yi kasafi da tsohon farashi ta wayi gari bashinta ya ninka sau uku ba tare da ta ƙara komai ba. Idan ta ce za ta ƙaura, sai ta tarar manhajojinta an ɗinka su ne daidai jikin kamfanin da take so ta bari.

Akwai kuma batun doka. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma nauyin yana wuyan wanda ya tattara su ne, ko da sitonsa na haya ne. Amurka kuwa tun 2018 take da dokar da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko a wace ƙasa suka ajiye su.

Shi kansa rumbun yakan ƙone. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka rasa bayanansu har abada. Saboda haka masana ke cewa a ajiye kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. A makarantar ƙauye, wannan yana iya zama gajimaren, da faifan ajiya a ofishin shugaban makaranta, da kuma rajistar takarda da ake sabuntawa kowane zangon karatu.