Idan Hadari Ya Tare Ka a Hanya

Ya kai mai karatu, ka taɓa bin hanyar Yamai zuwa Filinge da damina? Bayan Balayara za ka iske Bonkuku a cikin kwarin Dallol Boso. Daga Yuni zuwa Satumba hadari yakan taso daga gabas, ƙura a gaba, ruwa a baya. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita Yamai, matafiya suka rasa wucewa.

Ga abu uku da za ka riƙe.

Na ɗaya, kada ka ratsa ƙorama tana gudu. Ruwa iya gwiwa yana ka da ƙato. Kada kuma ka fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, saboda aradu.

Na biyu, ka sauka tun da sauran rana. Ka nufi ƙofar mai gari, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da inda ka fito. A zamanin nan na rashin tsaro baƙon dare yana ba mutane tsoro. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Na uku, gobe kai ne mai masauki. Ayyukan Manzanni sura 27 da 28 sun nuna yadda jirgin ruwa ya farfashe da Bulus, mutanen Malita suka hura wa mutum 276 wuta saboda ruwa da sanyi, ba su kuwa san su ba.

To, in baƙo ya yi sallama yau, jiƙe sharkaf, akwai tabarma dominsa a zaurenka?