DARASI: ITACEN DAJIN EBO DA SUNAN DA AKA RAƊA MASA

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wani itace ne na ƙasar Kamaru, wanda masana ba su san da zamansa ba sai a zamaninmu.

Dajin Ebo kurmi ne mai duhu a kudancin ƙasar, a yankin da birnin Duwala yake. A shekara ta 2008 wata mai binciken tsirrai, Lorna MacKinnon, ta tsinko ganye da furen wani ɗan itace a can. Tsawonsa kamar mita 4 ne, furanninsa kuwa, masu launin rawaya da kore, a jikin kututture suke fitowa. Dangin gwandar dajinmu ne. Masana na lambun Kew a Ingila da takwarorinsu na Kamaru suka gwada shi da sauran danginsa, suka tabbatar ba a taɓa rubuta irinsa ba. A watan Janairu 2022 suka raɗa masa suna Uvariopsis dicaprio, don girmama ɗan wasan Amurka Leonardo DiCaprio, wanda ya sa baki a kare dajin.

Me ya sa suna yake da muhimmanci? Domin sai an bayyana itace an ba shi suna kafin a shigar da shi jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Wannan kuwa ƙasa da guda 50 aka gani, duka a wuri ɗaya.

Amma suna kaɗai ba ya hana gatari. A 2020 gwamnatin Kamaru ta ba da izinin saran katako a dajin, ta janye bayan kukan mutanen Banen, waɗanda dajin gadon kakanninsu ne, da na masu kare daji. A 2023 ta sake buɗe ƙofar.

Mu ma fa? Da yawa cikin 'ya'yanmu ba sa bambanta kaɗanya da ɗorawa. Itacen da yaro bai san sunansa ba, ba zai yi kewarsa ba ranar da aka mai da shi gawayi.

Don tattaunawa:
1. Waɗanne itatuwa ne tsofaffinmu suka sani, waɗanda ba ma ganinsu yau?
2. Wa zai rubuta sunayensu da amfaninsu tun dattawan suna raye?
3. Ina za mu dasa irinsu kafin damina ta wuce?