Darasi: ƙaiƙayin bisashe, a bincika kamin a yi allura

'Yan'uwa makiyaya, darasinmu na wannan karo a kan ƙaiƙayi ne, da kuma ɓarnar da allurar ganganci ke yi wa ƙodar dabba.

A bazarar bara wani makiyayi ya kawo mini akuyarsa bisa amalanke. Ƙazwa ce ta kama ta, tana ta goga jiki ga icce. Ya sayi Teramisin a kasuwa, ya yi mata sese 10 kwana uku jere, ga zafi, ga rijiya nesa. Ƙaiƙayin bai bari ba, amma akuya ta bar ci, ta bar tuƙa, fitsari ya ɗauke. Da munka feɗe ta, sai ga ƙodoji sun kumbura sun yi fari-fari. Ba ƙazwa ta kashe ta ba, magani ne.

1. Mi ke kawo ƙaiƙayi?

Ƙazwa: wasu 'yan ƙwari ne da ido ba ya gani, suna shiga cikin fata. Gashi ya zube, fata ta yi kauri ta tsattsage. Ta fi kama awaki da raƙuma.
Ƙwarƙwata, ƙuma da kaska: in kunka buɗa gashi za ku gan su.
Kirci: ya fi yawa da damina. Ɓawo ne ke fitowa bisa gadon baya, gashi ya manne, amma dabba ba ta yawan susa.

Ga mutum, ciwon ƙoda kan kawo ƙaiƙayi. Ga dabba ba kasafai ba ne. Abin da munka fi gani shi ne ƙaiƙayi ya fara, sannan maganin da bai dace ba ya lalata ƙoda.

2. Binciken fata

Ku kai dabbar sarbis na kiwo ko wurin likitan bisashe mai zaman kansa. Zai kankare gefen wurin da reza har jini ya ɗan tsattsafo, ya duba a madubin likita. In ƙazwa ce, zai ga ƙwarin ko ƙwansu. In akwai shakka, ana aika ɓawon zuwa LABOCEL, babban labo na kiwo da ke Yamai.

3. Kowace cuta da maganinta

Ƙazwa: ibamektin mai kashi 1 cikin 100, sese 1 ga kilo 50, ƙarƙashin fata. Jar akuyar Maraɗi mai kilo 25, rabin sese ya ishe ta. Saniya mai kilo 300, sese 6. A sake bayan kwana 14, don allurar farko ba ta kashe ƙwai. A yi wa duk waɗanda ke kwana tare, a share garke. Kada a yi wa dabbar da ake shan nononta.
Ana kuma wanka da amitiraz, amma ban da doki da jaki, yana iya kashe su.
Kirci: nan ne Teramisin mai dogon aiki, mai kashi 20 cikin 100, ke da amfani: sese 1 ga kilo 10, cikin tsoka, sau ɗaya. Akuyar can sese 2 da rabi ke nan. Ku lura, Teramisin ba ya kashe ƙwarin ƙazwa ko kaɗan.

4. Magungunan da ke taɓa ƙoda

Ƙoda ita ce matacin jini, ta nan magani da yawa ke fita. In dabba na jin ƙishirwa ko tana zawo, maganin sai ya taru ya ƙona ta. Ku yi hattara da:
Teramisin in ya wuce ƙima, ko kwanansa ya ƙare, ko ya yi baƙi cikin rana;
jantamisin da sitiraptomisin;
maganin rage zogi, irin su fenilbutazon da dikulofenak.
Berenil kuwa, kada ku kusance shi ga raƙumi, guba ne gare shi.

5. Alamun ƙoda ta gaza

Dabba ta bar ci da tuƙa, ta yi lagwas, fitsari ya ragu ko ya ɗauke, wani lokaci ya yawaita kamar ruwa, numfashi na warin fitsari. Likita zai tsoma 'yar takardar gwaji cikin fitsari ya ga ko akwai jini ko furotin. A jini kuma ana auna abu biyu, ure da kiriyatinin; in sun hau, ƙoda ba ta tacewa. Rago mai cin dusa da yawa don Layya, in yana yunƙuri fitsari ba ya fita, tsakuwa ce ta toshe hanya: a kai shi nan take.

In kunka ga alamun nan, ku tsai da kowace allura, ku sa dabba inuwa, ku ba ta ruwa, ku kira likita. Shi zai sa mata ƙarin ruwa ta jijiya. Babu allurar da ke maido ƙodar da ta mutu.

6. Kamin kowace allura

Ku tsinki fatar wuya ku saki. In ta tsaya ba ta koma da sauri ba, ido kuma ya faɗa, jiki ba ruwa: a shayar tukuna. Ku ƙiyasta nauyi, ku duba kwanan da ke bisa kwalba, kuma ku gaya wa likita gaskiyar abin da kunka riga kunka ba dabba.

Allah ya tsare garke, ya ba mu damina mai albarka.