Baba Ya Ce Na'urar Awon Jini Maƙaryaciya Ce

Likita, ina rubuto maka ne daga Kachia a kan mahaifina, manomin citta mai shekara 58. Wata ranar kasuwa ya tsaya a kyamis sayen maganin ciwon jiki, yaron shagon ya gwada jininsa, na'ura ta nuna 168/102. Hankalinmu ya tashi, bayan kwana biyu muka kai shi asibiti, aka samu 150/94, aka rubuta masa magani. Ya sha na mako uku, sai ƙanena da ke aiki a Kafanchan ya zo da tasa na'urar ya gwada shi da sassafe, ta nuna 132/84. Tun ranar Baba ya ajiye maganin. Ya ce na'ura uku sun faɗi magana uku, don haka duk maƙaryata ne, kuma shi ko ciwon kai ba ya yi, shayin citta ya ishe shi. Wace lamba za mu kama?

'Yarka daga Kachia

'Yata, ki gaishe mini da Baba, ki ce masa babu wadda ta yi masa ƙarya cikin na'urorin nan. Mutum ɗaya suka auna a hali uku daban, kuma ƙarfin jini ba kamar tsayin mutum ba ne da za a auna yau a same shi haka gobe. Duk bugun da zuciya ta yi tana tunkuɗa jini cikin jijiyoyi, ƙarfin da jinin ke danna bangon jijiya a wannan lokaci shi ne lamba ta sama. Idan zuciya ta saki tana sake cika, ƙarfin da ya rage shi ne lamba ta ƙasa. Abin da ke ɗaga su ko ya sauke su shi ne yawan jinin da zuciya ke turawa, da yadda ƙananan jijiyoyi suka tsuke ko suka buɗe, da yawan gishiri da ruwan da ƙoda ta riƙe a jiki. Waɗannan kuwa ba sa zama wuri ɗaya. Tafiya, fushi, goro, fitsarin da ya matsi mutum, har magana ana cikin awo, duk suna motsa lambar cikin mintuna.

Ita na'urar aikinta a fili yake. Tana matse damtse har jini ya tsaya, sannan ta riƙa sassautawa tana lura da lokacin da ya fara wucewa da lokacin da ya koma gudu ba tangarɗa. Wani likitan Italiya, Riva-Rocci, ya fito da maɗaurin hannun a 1896, sai Korotkoff na Rasha ya nuna a 1905 yadda za a saurari sautin jijiya a fitar da lambobin biyu. Na'urorin batir na yanzu motsin bugun suke ji maimakon sauti. Suna iya kuskure, musamman in maɗaurin ya yi wa damtse kaɗan, domin a nan lambar kan haura gaskiya. A wannan gaɓar Baba yana da hujja, kuma shi ya sa ba a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awo ɗaya. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu 140/90 ko sama a ranaku biyu mabambanta.

To mu ɗora lambobin Baba a kan wannan ƙa'ida. Ta kyamis an ɗauke ta ne yana tsakiyar hidimar kasuwa, jiki na ciwo, wataƙila ko zama bai yi ba, don haka mu ce ta yi ƙari. Ta asibiti ma mu rage mata wani abu, tunda akwai mutanen da ganin farar riga kawai ke ɗaga musu jini. Duk da haka ranaku biyu ne daban, kuma duka biyun sun haye layi, sama da ƙasa. Ta ukun, wadda Baba ya rataya hujjarsa a kanta, ita ce ma ta fi kayar da shi. An same ta ne bayan mako uku yana shan magani, a gida, da safe, hankali kwance. Awon gida kuwa iyakarsa 135/85 ce, ba 140/90 ba, saboda mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa. Wato da maganin a jikinsa ma da ƙyar ya sauko ƙasan layin. Maganin hawan jini riƙe jinin yake yi muddin ana sha, in an daina, cikin kwanaki ko 'yan makonni lambar kan koma inda ta fito.

Sai maganar cewa kansa ba ya ciwo, wadda ita ce ta fi cin mutanenmu. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce manya kimanin biliyan 1.28 ne ke da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Jijiyar da ake dannawa fiye da kima shekara da shekaru bangonta kauri yake yi ya taurare, zuciya ta ƙara girma don wahala, matatar ƙoda ta lalace a hankali, kuma babu ɗaya cikin waɗannan da ke zuwa da zafi a farko. Sau da yawa alamar farko ita ce shanyewar ɓarin jiki. Ƙarfin riƙe fartanya shaida ce ta lafiyar tsoka, bai faɗi komai game da bangon jijiya ba.

Shayin citta kuwa ya sha abinsa, ba zan raba mutumin Kachia da citta ba, sai dai babu hujjar da ta kai a ajiye magani dominta. Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya kai shi kyamis tun farko. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manoma ke sha bayan aikin gona, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, su ɗaga jini, su kuma rage ƙarfin maganin hawan jinin. Ki duba tukunyar gida ma. Gishirin da aka yarda babba ya ci a rana bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafin.

Tunda Baba ba ya yarda da awo ɗaya, ki ba shi awo da yawa. Ku karɓi aron na'urar ƙanenki, ta damtse ba ta wuyan hannu ba. Kwana bakwai a jere, safe da yamma, ya yi fitsari, ya zauna minti biyar a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro ko taba rabin awa kafin nan, ba magana. A gwada sau biyu, tazarar minti ɗaya, a rubuta duka a littafi. A watsar da na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. Amma kada wannan ya hana ku komawa asibiti cikin makon nan ku faɗa musu ya daina sha, ku kuma tambaye shi a tsanake ko wani abu maganin ya yi masa, kamar kumburin ƙafa, tari ko yawan fitsari, domin ana iya canza masa wani. In kuwa kuka ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, kada ku jira gari ya waye, ku nemi mota ku kai shi asibiti nan take.