Mu Auna Labarin Ciwon Daji Da Ke Zuwa Ta Waya

'Yan'uwa, yawancinmu mun tuna da watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shigo Ikko. Cikin dare ɗaya labari ya bi wayoyi, wai a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Mutane da yawa suka tashi tun asuba suka yi haka. Waɗansu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Masu ƙaunarmu ne suka aiko mana da labarin nan, amma duk da haka ƙarya ne.

Haka yake a yau game da ciwon daji, wato sankara. A nan ƙasar Sakaba likita yana da nisa, waya kuwa tana cikin aljihu. A ce mace ta ji ƙullutu a nononta. Ɗanta ya duba Facebook, ya ga an ce ruwan zafi da lemun tsami, ko garin zogale, yana kashe daji. Sai ta yi wata shida tana sha. Zogale abinci ne mai kyau, amma ba ya warkar da daji. Babbar hasara ita ce wata shidan nan, gama ciwon yakan soma a wuri ɗaya, inda likita zai iya yanke shi, daga baya ya bazu cikin jiki.

A 2018 masana na Jami'ar Yale a Amurka suka buga abin da suka gano: masu ciwon daji da suka ƙi maganin asibiti suka dogara ga wani magani dabam, hatsarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi.

Saboda haka kafin mu gaskata wani labari, sai mu yi masa tambaya huɗu.

1. Wane ne ya faɗa? "Wani babban likita" ba suna ba ne. Mu nemi sunan mutumin da na asibitinsa, ko na hukuma sananniya kamar Hukumar Lafiya ta Duniya.

2. Yana sayar da wani abu? In a ƙarshen maganar akwai lambar waya da kuɗin kwalba, to, talla ce. Lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da daji.

3. Ya yi alkawarin da ya wuce kima? Daji iri iri ne: na nono dabam, na bakin mahaifa dabam, na hanta dabam. Magani ɗaya ba ya warkar da su duka.

4. Yana hana mu zuwa asibiti? Wannan ita ce alama mafi muni. Tun Oktoba 2023 aka soma yi wa 'yan mata allurar rigakafin HPV kyauta a Nijeriya, domin tsare su daga dajin bakin mahaifa. Masu baza jita-jita suka ce tana hana haihuwa, alhali kuwa ba ta hanawa.

Mu sani kuma, ba kowane ƙullutu ne daji ba. Waya ba za ta iya bambancewa ba, sai an ɗebi ɗan nama an gwada. Mu fara da babban asibitin Zuru. In da bukata, za a tura mu Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko na Shika a Zariya. Mu tafi da saƙon da muka gani, mu nuna wa likita, mu tambaye shi ba kunya.

Mu da muka iya karatu, nauyin nan a wuyanmu yake, gama abin da muka karanta wa tsofaffinmu, shi za su bi. In za mu gai da mara lafiya, gara mu kai masa kuɗin mota da ɗan rakiya da mu kai masa labarin da ba mu auna ba.

Tambayoyi

1. Ina hasarar jinkiri ga mai ciwon daji?
2. Faɗi tambayoyi huɗu da za mu yi wa kowane labari.
3. Wa za mu raka asibiti a cikin watan nan?